Zauren jimnastik da ba ya gaggawa da yara

Idan burinku a mayar muku da yarinya gwanar alkafura cikin wata shida, ku ɗauki bidiyo ku tura wa 'yan uwa, to wannan zauren horon jimnastik ba zai burge ku ba. 'Yata ta shiga tana 'yar shekara shida, yanzu ta kusa sha biyu, kuma abin da na fi yaba musu shi ne abin da wasu iyayen suka fi ƙorafi a kai: ba sa gaggawa.

Ba shekaru kaɗai suke dubawa wajen raba yara aji-aji ba, suna duba abin da jikin yaro zai iya ɗauka. Ajin farko kusan wasa ne: gudu, tsalle, lilo a jikin sanda, hawa igiya, da koyon faɗuwa ba tare da an tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba. A aji na gaba kuwa ana daɗewa a kan abu guda har mai kallo ya ƙosa, wato tsayuwa a kan hannu. Na sha ganin malamar ta durƙusa kusa da yarinya, hannu ɗaya a cikinta ɗaya a cinyarta, tana gyara ta: haƙarƙari ya koma ciki, kafaɗu su rufe kunnuwa, yatsun ƙafa su miƙe. A ɗan tsaya, a sauko, a sake. Katakon daidaito na gasa faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita 5, tsayinsa daga ƙasa santimita 125, amma a nan ba wadda ke hawa shi da sabon motsi. Ana farawa a kan layin da aka zana a daɓe, a koma katakon da ke kwance a ƙasa, sannan matsakaici da katifu jibge a ƙarƙashinsa, ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Juyin sama kuma a ramin soso ake koyonsa, da ɗamara a ƙugu malama na riƙe da igiya.

Hujjar masu ƙorafi ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna da gaskiyarsu, don jimnastik na cikin wasannin da ake farawa tun ana ƙanana, gaɓoɓi da laushi, tsoro bai gama shiga ba. Amma farawa da wuri daban, ɗora wa ƙaramar yarinya aikin manya daban. Ranar da na ce wa babbar malamar me ya hana a ƙara wa yaran nan motsi masu wuya, sai ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda ake ba da maki. Tun 2006 hukumar jimnastik ta duniya, FIG, ta bar tsarin da goma ce ƙololuwa. Yanzu maki kashi biyu ne: na wuyar motsi, wanda ba shi da iyaka, da na tsaftar aiki, wanda ke farawa daga 10 alƙalai na zaftarewa. Gwiwa ta lanƙwashe a zaftare, ƙafafu su rabu a zaftare, a ƙara taku ɗaya wajen dira a zaftare. Wadda ta koyi alkafurar baya a karkace tana shekara bakwai za ta yi ta biyan bashin a kowace gasa, kuma kwance abin da jiki ya haddace ya fi koyar da sabo wahala.

Ga kuma maganar lokaci. Nadia Comaneci tana da shekara 14 ta samu makinta na goma cif a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, shi ya sa da yawa har yau suke ɗaukar wasan na ƙananan 'yan mata ne. An ɗaga shekarun shiga gasar manya zuwa 15 a 1981, sannan 16 a 1997. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 Simone Biles ta ci zinaren gwanar gwanaye, wato gasar da ake haɗa makin duk wasannin, tana da 27, Rebeca Andrade ta Brazil ta ci na wasan daɓe tana da 25, bayan an yi mata tiyatar jijiyar gwiwa har sau uku. Oksana Chusovitina ta je Olamfik takwas, ta ƙarshe a Tokyo tana da 46. Masu ƙuruciya na ci har yanzu, ga Kaylia Nemour ta Aljeriya da ta ɗauki zinaren sanduna biyu tana da 17. Duk da haka, wadda ta fara tana shida tana da shekara goma a gabanta kafin ma a buɗe mata ƙofar gasar manya, kuma dole ta isa can da lafiyayyen jiki da sauran son wasan a ranta.

Inda suka gama saye ni shi ne lokacin da 'yata ta fara zabga tsawo. Yawancin 'yan mata sukan yi wannan miƙewa wajen shekara 11 zuwa 12, maza kuma su biyo baya da kamar shekara biyu. Ƙashi kan riga tsoka miƙewa, jiki ya ɗaure, motsin da aka iya jiya ya ƙi yau. Ta fara kukan ciwo a wuyan hannu, ta wajen babban yatsa. Malamar ta danna wurin, ta ga yarinyar ta yamutsa fuska, nan take ta hana ta ɗora nauyi a kan hannun, ta ce sai likita ya gani. Likitan ya bayyana min cewa a ƙarshen ƙashin yara akwai guringuntsi inda ƙashin ke ƙara tsawo, kuma yawan dira a kan hannu na iya taɓa shi, idan aka yi biris har girman ƙashin ya tawaya. Malaman zauren ba su sallame ta ta zauna a gida ba. Sun sake mata jadawali: ƙarfafa ciki da ƙafafu, juyi da tsalle a kan katako ba tare da sa hannu ba, rawa da bin kiɗa. Wata gasa ta wuce ta, ta yi kukanta, amma ba wanda ya nuna mata ta ba ƙungiya kunya.

Wajen kare yara ma sun yi ƙoƙari. Akwai tagar gilashi da iyaye ke kallo ta cikinta, ba a barin malami shi kaɗai da yaro a ɗaki, kuma ban taɓa ganin sikeli a zauren ba. Wanda ya san abin da rahoton Whyte, wani bincike a kan horon jimnastik, ya tono a Birtaniya a 2022, na yawan auna nauyin yara da muzanta su da tilasta musu horo da rauni a jiki, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Laifinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zauren ya yi wa yaran kaɗan. Ramin soso ɗaya ne, da yamma sai ka ga layi, yarinya ta yi juyi guda ta koma jira har jikinta ya huce, wanda shi kansa hanyar rauni ne. Ƙananan malamai ba sa daɗewa, kuma duk sabuwar da ta zo sai ta ɗauki lokaci kafin ta san wace ce mai tsoron juyin baya, wace ce mai ɓoye ciwo. Ɓangaren maza, da kayan wasansu shida ne ba huɗu irin na mata ba, ya fi shan wahalar ƙarancin wuri. Babban abin da ke damuna shi ne bayani. Tsari mai kyau irin wannan yana cikin kan babbar malama kawai. Ba takardar da ke nuna wa uwa matakin da 'yarta take, da abin da ake jira ta iya kafin a ɗaga ta. Na tabbata da yawa daga cikin waɗanda suka cire 'ya'yansu, da an zauna da su yadda aka zauna da ni, da ba su tafi ba.

Ni dai na sake yi wa 'yata rajista. Mai niyyar kai nasa ya nemi ajin safe na ƙarshen mako, ya fi sarari, kuma tun ranar farko ya nemi a ba shi lokacin ganawa da babbar malama duk ƙarshen zango, don ba za su kira shi da kansu ba.