Albam ɗin Big Star na 1972: kaya ya yi kyau, motar kai shi kasuwa ce ba ta zo ba

Sati uku ke nan wannan albam ɗin yana cikin wayata kuma wallahi na kasa goge shi, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko wani zai nema ya ji. Autanmu da ke karatu a jami'ar Ngaundere ne ya tura min da ya zo hutu Garwa, ya ce Yaya tunda kai mayen jita ne saurari wannan, sunansa #1 Record, na wasu samari huɗu ne 'yan Memfis a Amurka, ana ce musu Big Star. Na ce haba Auta, kiɗan 1972 za ka ba ni? Ya ce kai dai Yaya ka ji tukuna.

Irin kiɗan ana kiransa pawa pop, rok ne amma mai daɗin amshi, jita na ƙara sosai, murya biyu ko uku suna tafiya tare kamar an ɗinke su, waƙa ba ta cika wuce minti uku zuwa huɗu ba. Waƙoƙi 12 ne gaba ɗaya, ko minti arba'in ba su kai ba.

Ranar farko a butik na kunna da ƙaramar sifika ta bulutut, gaskiya ban ji komai ba, ga rana ga ƙarar babura, muryar Chris Bell, ɗaya daga cikin samarin huɗun, a waƙar farko mai suna Feel ta fito siririya tana hawa sama kamar zai shaƙe, na kashe. Sai da daddare da aka ɗauke wuta a kartiyenmu, zafin Garwa kun san shi ba a shiga ɗaki, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na sa ekuta a kunne, to a nan ne fa na gane abin da yaron nan yake nufi. Jita ɗaya a kunnen hagu, wata a dama, kowace da abin da take faɗa, har ƙarar yatsa yana zamewa a kan tsirkiya kana ji. Da aka zo kan Thirteen, jitar katako ce da murya kawai, saurayi ɗan makaranta yana roƙon yarinya ta bari ya raka ta gida, Turancina ba mai yawa ba ne amma kunyar da ke cikin muryar Alex Chilton, ɗayan mawaƙin nasu, ba ta buƙatar tafinta. Sau huɗu na maimaita ta kafin in yi barci.

Kuma ba banza sautin ya fito tsaf haka ba. A situdiyon Ardent suka yi aikin, mai wurin John Fry ya koya musu sarrafa na'ura da kansu ya kuma bar su suna shiga da dare idan babu masu haya, ka ga ba agogo ke korarsu ba, su yi su goge su sake har sai ya yi. Bell shi ne ya fi naci a kan haɗa sauti. Shi kuma Chilton tun yana ɗan shekara 16 ya riga ya yi waƙar da ta kai lamba ɗaya a Amurka a 1967 tare da tsohuwar ƙungiyarsa The Box Tops, ya san daɗin suna ya san wahalarsa. Sauran biyun, Andy Hummel na kan jitar bes, Jody Stephens na kan ganga. Sunan Big Star ma daga wani kantin kayan abinci da ke kusa da situdiyon suka ɗauko shi.

Ba wai babu inda ya gaza ba. The India Song ni kam tsallake ta nake yi, ba ta da jinin sauran. Sannan wajen ƙarshe waƙoƙi masu sanyi sun taru wuri ɗaya, idan In the Street ta ɗumama ka kana jiran irinta sai ka ji jiki ya mutu kaɗan.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne abin da ya faru bayan fitowarsa. 'Yan jarida sun yabe shi sosai, mujallar Billboard har cewa ta yi kowace waƙa a ciki za ta iya fita ita kaɗai ta ci kasuwa. Amma kamfanin Stax da ke da alhakin rarraba faifan ya fi sanin hanyar kiɗan sol, ga shi ya shiga rikicin rarraba kaya da kamfanin faifai na Columbia, sai ya zama mutum ya karanta yabo a jarida ya tafi shago da kuɗinsa a ce babu. Ko kofi dubu 10 ba a sayar ba. Albam mai suna lamba ɗaya fa.

Na ba Kawuna labarin muna shan shayi, shi albasa yake saya yana aikawa Duwala. Ya yi shiru ya ce, ɗana wannan ai ba sai ka fassara min ba, shekarar da na tara albasa mafi kyau a rayuwata motar da muka yi ciniki da ita ba ta zo ba, ina gani buhu yana tsiyaya, masu wucewa suna cewa Alhaji kaya ya yi kyau. Ya ce in sa masa ya ji, na sa masa The Ballad of El Goodo, bai san me ake cewa ba amma bai ce in kashe ba har ta ƙare.

Chris Bell bai jure ba, ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1972, kuma ya rasu a haɗarin mota a Disamba 1978 yana da shekara 27, bai ga komai na darajar da aikin ya samu daga baya ba, wannan yana min ciwo sosai. Sai can matasa masu kaɗa jita suka riƙa tono faifan suna miƙa wa juna, ƙungiyoyin kiɗa irin su R.E.M. da Teenage Fanclub duk sun sha daga nan, har a 2003 mujallar Rolling Stone ta sa shi cikin albam 500 mafi girma. Chilton shi ya rayu har 2010, ya gani da idonsa.

In za ku nema don Allah kar ku karɓi wanda aka matse ya sha hannu a WhatsApp, ku haƙura ku kashe data ku sauke mai kyau, kuma ku ji da ekuta da dare ba a bakin titi ba. Na biyunsu Radio City na 1974 wanda suka yi babu Bell, na ce wa Auta ya taho min da shi hutu mai zuwa.