Jikin maigida da yadda jinya take a nan Ingila

Salam Yaya, ya Jos ya sanyi, ya su Hajiya? Naga kowa sai tambayar jikin maigida yake, gara in rubuto gaba ɗaya ki karanta ma Hajiya.

Jiki da sauƙi alhamdulillah. Jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe mai a ƙwaƙwalwa, likitoci sunce galibi da abin ake haihuwar mutum, shi ya kawo farfaɗiyar nan, don Allah ki faɗa ma Goggo ba iska bane. Basu fasa kan ba, a Sheffield akwai injin Gamma Knife tun 1985 suke aiki da irinsa, haske ake harbawa daidai wurin, sai dai sun ɗaure mai kai da wani ƙarfe mai kusoshi huɗu don kar ya motsa, tabon biyu na nan a goshi kamar cizon sauro. Amma fa ba'a gama ba, aikin hasken shine ya toshe jijiyoyin da suka cukurkuɗe, a hankali kuma suke toshewa, shekara biyu zuwa uku, kuma kafin nan jini zai iya ɓallewa shiyasa duk ciwon kai mai tsanani sai asibiti ko da tsakar dare ne.

Ranar aikin ko sisi bamu biya ba, kar kice kyauta ne dai, tun wajen biza suke karɓar fam 1,035 kan kowane babba duk shekara. Magani kuma fam 9.90 ne kowane ɗaya amma mai farfaɗiya ana bashi kati ya karɓa kyauta, Keppra ɗinsa, ƙwayar farfaɗiyar, bata taɓa yankewa ba kuma ba fargabar jabu. Tuƙi kam an dakatar dashi, doka ce sai ka sanar da hukumar lasisi.

Inda abin yake shine jinya. Kinsan a JUTH, asibitin koyarwa na Jos, in mutum ya kwanta dangi ne da tabarma da fulas ɗin kunu, wannan ya tafi wannan ya zo har sai mara lafiya ya gaji da amsa ya jiki, to nan wallahi daga ni sai yara, maƙwabci ma baisan anyi ba, mai taimako kuwa awa awa ake biyanta. Ga gajiya da ke damunsa, yana cikin magana bacci ya kwashe shi, ni kuma ga aikin dare.

Gwate kawai yake marmari. Kabeji da karas birjik a kanti, yakuwa ce ba ko alama, acha kuwa a 'yar leda na ganta a shagon masu kula da lafiya, kuɗinta a kasuwar Terminus ta Jos sai ki cika mudu da yawa. In an samu mai tahowa a haɗo mana acha da busasshiyar yakuwa da kuka. Kilishi kar a saka, kwastan ɗinsu kwacewa suke.