Kwana huɗu a Toronto ta hannun wani ofishin tafiye-tafiye na Nima

Ɗana na biyu yana karatu a Toronto, kuma shekara biyu ke nan ban sa shi a ido ba, don haka da bizar ziyara ta Kanada ta fito mini sai na ƙudurta zuwa duba shi a hutun godiya da suke yi ranar Litinin ta biyu a watan Oktoba, wanda idan aka haɗa shi da Asabar da Lahadi yake ba ɗalibi kwana uku a jere. Shagona ba zai jure rashina fiye da mako guda ba. Na kai maganar wani ƙaramin ofishi a nan unguwar Nima ta Accra da aka fi saninsa da aikin Umara, inda wata Hajiya take riƙe da ɓangaren tikiti da masauki, kuma aikinta ne nake so in auna a nan domin amfanin duk mai irin wannan niyya.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ta bi da maganar hanya. A lokacin babu jirgin da yake tashi daga Accra kai tsaye zuwa Toronto, kuma tikitin da na gani da kaina a intanet, wanda arharsa ta ruɗe ni, ta Amurka yake bi. Hajiya ta bayyana mini cewa Amurka ba ta barin mai fasfon Gana ya sauya jirgi a ƙasarta sai da bizarta, ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, alhali ta Amsterdam ingantacciyar bizar Kanada da ke cikin fasfona ta ɗauke mini neman bizar wucewa. Da na saya da kaina, da a filin jirgin Accra za a mayar da ni gida da jakata. Wannan bayani kaɗai ya fanshi ladan da na biya ofishin.

Sai kuma tsarin kwanakin, wanda a nan ne muka ɗan ja da ita. Na zo da jerin wurare fiye da goma, har da Montreal, ita kuwa ta soke fiye da rabi, tana cewa, cikin ladabi, Baba Alhaji ya tuna cewa Toronto tana bayan Accra da awa huɗu a wannan lokaci, kuma jikin da ya kwana a jirgi ba ya yawo washegari. Ta sa na tashi daren Laraba domin in sauka ranar Alhamis, in huta, in samu Juma'a. Masaukin da ta kama mini yana kusa da tashar Union, inda jirgin ƙasa na UP Express yake kawo mutum daga filin jirgin Pearson, kuma daga can na taka da ƙafa zuwa Masjid Toronto da ke titin Dundas na yi sallar Juma'a. Ban roƙe ta ta duba maganar masallaci ba. Ita ta sa shi cikin lissafi, kuma na ga darajar hakan ƙwarai.

Ranar Asabar ni da yarona muka hau hasumiyar CN, mai tsawon mita 553, wadda aka buɗe a 1976, muka biya ta kasuwar St. Lawrence, wadda Hajiya ta rubuta mini da jan biro cewa ba ta ci ranar Litinin, sannan da la'asar muka shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran da ke gaban birnin. Ƙetarawar ba ta wuce kwata ba, amma a can ne, a kan benci, ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa, yaron ya buɗe baki ya faɗa mini halin da yake ciki game da kuɗin haya da kaɗaici, abin da bai taɓa faɗa ta waya ba. Da an cika ranar da wurare shida kamar yadda na so, da wannan zama bai samu ba. Lahadi kuma muka ba wa Niyagara, inda ruwa yake zubowa daga saman dutse, ita kaɗai, domin tafiyar kilomita kusan 130 ce, kuma hanyar takan cushe a irin wannan hutu.

Akwai wurare biyu da ofishin ya gaza, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko, kasafin da aka ba ni bai yi la'akari da cewa a jihar Ontariyo, inda Toronto take, farashin da aka rubuta a jikin kaya ba shi ake biya ba, domin ana ƙara harajin kashi 13 cikin ɗari a wurin biya, sannan a gidan abinci ana sa ran a ba mai hidima kashi 15 ko fiye. Wanda ya canza sidinsa daidai da kasafin nan zai ji a jikinsa tun kwana na biyu. Na biyu, ba a gaya mini cewa yawancin manyan kantunan abinci suna rufe a Litinin ɗin hutun ba, ga shi kuwa ranar na ware don yi wa yaron cefane kafin in tafi. Sai wani abokinsa ne ya kai mu wani ƙaramin shagon halal a unguwar Scarborough muka samu shinkafa da nama da man girki.

Da na dawo na koma ofishin na faɗa wa Hajiya waɗannan biyun. Ba ta kawo uzuri ba, ta ɗauki takardar da take ba matafiya Kanada ta ƙara su a gabana. Ƙanena yana shirin zuwa bikin kammala karatun yaron a bazara, kuma na riga na tura shi wurinta, tare da shawarar ya ɗora kashi ɗaya cikin huɗu a kan duk kasafin abinci da cefanen da za ta rubuta masa.