Gargaɗi: SSD da filashi masu rubutun 2TB da ake kasawa a bakin baje kolin kwamfuta

Jama'a, duk mai niyyar sayen filashi, katin memori ko ƙaramin SSD na aljihu (ma'ajiyar bayanai mai sauri da ake sokawa a kwamfuta) a hannun masu kasa kaya a bakin taro, ya dakata ya karanta wannan. Akwai masu sayar da na'urorin da aka rubuta wa 1TB ko 2TB (wato 1,000GB ko 2,000GB), alhali abin da ke cikinsu bai wuce 32GB ko 64GB ba. Kuma ko a gabanka aka soka su a kwamfuta, 2TB ɗin za ka gani a allo. Da wannan gwajin na ƙarya suke cin kasuwarsu.

A ƙarshen makon da ya gabata na kai wa wani abokina ziyara a Abuja. Ranar Asabar ya ja ni wani baje kolin kwamfuta, inda matasa 'yan dandatsa ke gasar kutse cikin na'urorin da aka tanada domin hakan, ga kuma teburin masu gyara a gefe. Mai sayar da irin waɗannan na'urori da na gani a can ba ya cikin masu rumfa a zauren. A waje yake, kusa da inda ake ajiye motoci, da tebur da lema da wata tsohuwar laftof. Ba sunan shago, ba rasit. Kwalayen sai ƙyalli suke yi, ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa, "Yallaɓai, ragowar kwantena ce, yau kaɗai zan sayar a haka." Kuɗin da yake faɗa bai kai rubu'in farashin na gaske ba. Lambar asusun da yake bayarwa kuma sunan da ke fitowa daban yake da wanda ya ce sunansa ne.

Ƙanin abokina, mai ɗaukar bidiyon biki, ya sayi ɗaya ya shigo yana murna. Wata matashiya a teburin gyara ta karɓa, ta tambayi nawa ya saya, sai ta ce, "Malam, in ka yarda in buɗe maka." Ya yarda. Abin da muka gani a ciki: wani ɗan guntun allon lantarki, katin memori irin na waya an manne shi da gam, sai ƙarafa biyu da aka liƙa don kawai abin ya yi nauyi a hannu. Kafin mu fito, mai lema ya naɗe tabarmarsa.

Ga yadda abin yake aiki. Kowane filashi yana da wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar. Kwamfuta ba ta aunawa da kanta, abin da aka gaya mata take nunawa. Su kuwa sai su sauya manhajar wannan ƙwaƙwalwa ta riƙa cewa 2TB. Kamar mudun da aka buga wa gindi ya shigo ciki ne: daga waje cikakke, awo kuwa ragagge. Da farko komai zai tafi daidai, domin kana zuba kaya ne a ɗan wurin da ke akwai da gaske. Da ka wuce iyakar, sabon abin da ka zuba ko dai ya hau kan tsohon ya shafe shi, ko ya tafi a banza ba a rubuta shi ko'ina ba. Ba kuma wani saƙon kuskure da zai fito.

Mafi muni shi ne sunayen fayil suna nan daram, da girmansu da kwanan watansu, saboda jerin sunayen yana zaune ne a farkon ma'ajiyar, wurin da yake na gaske. Za ka duba ka ga komai ya cika, hankalinka ya kwanta, ka goge na cikin kyamara. Sai bayan wata biyu amarya ta aiko a ba ta bidiyon kamu, ka danna, ya ƙi buɗewa. Asarar kuɗin sayen ƙarama ce a kan wannan. Haka ɗalibin da ya tara aikinsa na kammala digiri, ko mai shagon da ya zuba lissafin shekara. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa a yi masa fomat zai gyaru. Fomat ba ya ƙara wurin da babu shi.

Gwajin gaskiya shi ne a rubuta bayanai a cike na'urar sannan a sake karanta su. Manhajar H2testw, wadda Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, haka take yi a Windows, kuma kyauta ce. Sai dai tana cin lokaci, a kan na bogi mai tafiyar hawainiya tana iya kwana tana aiki. Wadda ta fi dacewa da tsayuwar kasuwa ita ce ValiDrive, da Steve Gibson ya fitar a 2023: tana leƙa wurare 576 daga farko zuwa ƙarshen ma'ajiyar, ta nuna kore inda akwai wuri, ja inda babu. Masu kwamfutar da ke aiki da Linux maimakon Windows suna da manhajar F3. Ka zuba ValiDrive a laftof ɗinka tun daga gida, ka gwada a taka, ba a tasa ba. Mai kaya na ƙwarai ba zai hana ka ba. In ya fara cewa sauri yake yi, ko buɗe kwali saye ne, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Gudun na'urar wajen kwafar fayil ma yana tona asiri. SSD na gaske yana kwafar ɗaruruwan megabait a daƙiƙa ɗaya, na bogin nan kuwa da kyar yake kai 20 ko 30. Wani abu da ya kamata a sani don kada a zargi mai gaskiya: na'urar 2TB ta ƙwarai Windows kan nuna ta a matsayin 1.81TB, bambancin lissafi ne kawai.

Wanda ya riga ya saya, ya daina zuba masa komai daga yau. Ya buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe waɗanda suka buɗe zuwa wani wuri. Ya adana shaidar tura kuɗin da hoton sakamakon gwajin, ya sanar da bankinsa, ya kuma kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Masu shirya taron ma a gaya musu, domin su ne ke da ikon korar irin waɗannan daga bakin ƙofarsu.