Sharhi kan kwas ɗin gwaje-gwajen fiziks na masu shirin zama malamai

Na kammala kwas ɗin nan na mako shida da ake shirya wa ɗaliban NCE masu karanta fiziks a lokacin hutu, wanda ake ta tallarsa da cewa ɗalibi ne zai tsara aikinsa, ya harhaɗa kayansa, ya auna, sannan ya kare sakamakonsa a gaban aji. Waɗanda suka biya sun san abin da aka karɓa a hannunmu, ba sai na maimaita ba. Ban shiga da wani ɗoki ba, domin abin da na sani game da ɗakin gwaje-gwaje tun ina sakandare shi ne, idan jarrabawar WAEC ta matso sai a buɗe kabad, a kaɗe wa kaya ƙura, a nuna mana su daga nesa, kuma kowa ya san amsar da ake so tun kafin ya taɓa komai.

Aikin farko da aka ba ƙungiyarmu shi ne auna ƙarfin janyowar ƙasa, da sharaɗin ba za mu ɗauki ko allura daga kabad ɗin makaranta ba, tunda yawancin makarantun da za a tura mu ba su da kabad ɗin balle abin da ke cikinsa. Muka sayo zare, muka ari tef ɗin awo wurin tela, na cire kwaɗon akwatina muka ɗaure, muka rataye shi a ƙusa, tsawon mita ɗaya, muka riƙa ƙirga lilonsa sau 20 da agogon waya. Sau biyar muna maimaitawa, kullum daƙiƙa 38 da 'yan kai muke samu, lissafi kuma yana ba mu 10.9 a maimakon 9.8 da ke cikin littafi. Ba zan ɓoye ba, ni ne na kawo shawarar mu yi wa lambobin kwaskwarima kamar yadda muka saba, har na fara gogewa, sai ga Malam a tsaye a kaina.

Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Mayar da lambobinka yadda suke, sannan ka sake ƙirgawa da ƙarfi in ji." Na saki kwaɗon na ce ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗaya na me? Ya je ya dawo ne?" A nan ne na gane cewa tun daga lokacin sakin kwaɗon nake fara ƙirga ɗaya, ke nan lilo 19 muke aunawa muna rabawa da 20, kuma tunda a cikin lissafin ana ninka lokacin da kansa, kuskuren kashi biyar cikin ɗari ya koma fiye da kashi goma. Muka kashe fanka, muka rage nisan da muke jan kwaɗon, muka auna tsawon zaren har zuwa tsakiyar kwaɗon maimakon wuyansa, na fara ƙirga daga sifili. Agogo ya nuna daƙiƙa 40.3, lissafi ya ba mu 9.7. Malam ya ƙara mana da cewa a ƙasashen da ke kusa da layin ikwaita, wanda ya raba duniya kudu da arewa, irin tamu adadin ya ɗan gaza 9.8, wajen 9.78 ne, saboda haka kwaɗon akwatina bai yi mana ƙarya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya hana mu yage shafin farko, ya ce a kansa za mu gina darasin da za mu gabatar, domin wannan kuskuren ne ɗalibanmu za su yi. Shekara biyu ina karatun koyarwa, ban taɓa samun awa ɗaya da ta amfane ni kamar wannan ba, kuma da a ranar aka ce in rubuta sharhi, da yabo kawai zan zuba.

Sai dai mako na uku ya zo, aka shiga aikin lantarki, a nan kuma na tuna cewa kuɗi na biya. Ƙungiya takwas muke, amma mitar awon lantarki biyu ce kacal ke aiki, irin ta masu gyaran rediyo, ɗayar ma sai an danne wayarta da yatsa. Mun yi kwana biyu cur muna jiran layi domin mu gwada dokar Ohm, wadda ke nuna alaƙar ƙarfin lantarki da yawan wutar da ke bin waya, aikin da bai wuce na minti arba'in ba. An yi mana alkawarin zama a kwamfuta domin gwaje-gwajen PhET, wata manhaja da ke kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, amma ranar babu wuta, janareta kuma aka ce babu mai, ba a sake tayar da maganar ba har muka gama. Ƙungiyar mutum bakwai ma ta yi yawa, domin biyu ne ke aiki, saura suna riƙe da waya, amma a ƙarshe maki ɗaya aka ba mu duka. Shi kansa Malamin da nake yabo, kwana biyu kawai yake zuwa a mako, sauran ranakun kuma wanda ake bar mana bai damu da yadda aka samo lamba ba muddin ta yi kama da ta littafi.

Daga ƙarshe sai da muka yi karo-karo muka sayi tamu mitar a kasuwa, aka ce za a mayar mana da kuɗin tare da takardar shaida. Yau wata biyu ke nan, na je ofishin sau uku, kuma kullum amsar ita ce mai sa hannu ya yi tafiya.