Gargaɗi ga mai neman fawa saflai domin sabon katin hoto

'Yan uwa masu haɗa kwamfuta, musamman wanda ya daɗe yana tari har Allah Ya nufa ya sayi sabon katin hoto (sashen da ke sarrafa hoto da wasanni a kwamfuta), don Allah ku karanta wannan kafin ku biya kuɗin fawa saflai, wato akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya raba wa sassan kwamfuta. Akwai damfarar da ta yi yawa a shafukan saye da sayarwa na intanet, kuma masu yin ta sun san daidai lokacin da ake kama mutum. Katin ya riga ya cinye kusan duk abin da ke hannunsa, ya duba ya ga tsohuwar fawa saflai ɗinsa ba za ta ɗauka ba, ga ɗokin ya ga katin yana aiki. A wannan halin ne yake shiga neman mai araha, su kuma a nan suke jiransa.

Tallan nasu kusan iri ɗaya ne. Baƙin akwati mai sheƙi, fanka mai fitilu kala-kala, an rubuta 850W ko 1000W da manyan baƙaƙe, ga tambarin 80 Plus Gold, wato shaidar cin gwajin rashin ɓarnar wuta, a kusurwa. Sunan kamfanin ko dai ba ka taɓa jinsa ba, ko kuma ya yi kama da na wani sanannen kamfani, harafi ɗaya kawai aka sauya. Idan ka nuna shakka, nan take mai kayan zai turo maka bidiyo: ya jona ta, fanka ta juya, allo ya kawo haske. "Ga ta nan, yallaɓai, an gwada, lafiyarta ƙalau." Wannan bidiyon ba hujja ba ne ko kaɗan. Kwamfutar da aka kunna aka bar ta zaune ba ta cika jan wat 100 ba, don haka ko ƙaramar fawa saflai ta ofis za ta tashe ta. Asiri ba ya tonuwa sai ranar da ka buɗe wasa mai nauyi ko ka sa ta aikin haɗa bidiyo, katin ya nemi cikakkiyar wutarsa. Sau da yawa kafin a kai ga wannan ranar wa'adin mayar da kaya ya wuce, ko kuma shafin mai sayarwar ya ɓace ya sake ɓullowa da wani suna.

Abu na farko da za ka nema shi ne hoton takardar da aka manna a jikin na'urar, ba hoton kwali ba. A kan takardar akwai ɗan jadawali mai layuka: +3.3V, +5V, +12V, kowanne da adadin amfiya a ƙarƙashinsa. Layin +12V shi ne abin dubawa, domin daga shi katin hoto da furosesa suke sha, kuma su biyun ne suke cinye kusan duk wutar kwamfutar zamani. Lissafin ba shi da wuya: ka ninka amfiyar sau 12, abin da ya fito shi ne wat. Fawa saflai ta ƙwarai mai wat 750 za ka ga +12V ɗinta tana da wajen amfiya 62, wato wat 744, kusan duka ƙarfin nata ke nan. Ta damfara kuwa, a misali, sai ka ga an rubuta 750W a sama amma a ƙasa +12V amfiya 30 ce, wato wat 360 kacal. Ina sauran? An cusa su a layin +5V da +3.3V, inda kwamfutar yau ba ta buƙatar komai sai ɗan kaɗan, aka tara jimla don lambar ta kumbura. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da wannan. Suna sa lambar a cikin sunan samfurin ne kawai, kamar a ce wani abu-850, ba su taɓa cewa wat ba ne, kai ne ka ɗauka. Wasu kuma ƙarfin da na'urar za ta iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido suke rubutawa, ba wanda za ta iya riƙewa na sa'o'i ba. Mai kayan da ya ƙi turo hoton wannan takardar, ko ya turo shi dishi-dishi, ya riga ya ba ka amsa.

Yanzu ka ɗora wannan a kan abin da katin yake ci. RTX 3080 na jan wat 320, kuma Nvidia, kamfanin da ke yin katunan RTX, ta ce a ba shi fawa saflai mai wat 750. RTX 4090 na jan 450, ana so a ba shi 850. RTX 5090 na jan 575, shi sai mai 1000. A ɓangaren AMD, RX 7900 XTX na jan 355. Ko matsakaicin kati irin RTX 4070 wat 200 yake sha, kafin ka sa furosesa da fankoki da ma'ajiyar bayanai. To wanda ya jona RTX 3080 a waccan mai wat 360, katin kaɗai ya kusa ƙarar da ita.

Kuma waɗannan lambobin matsakaici ne. Manyan katuna suna da wata ɗabi'a ta fizgar wuta: na ɗan lokacin da ido ba ya gani sai su ja abin da ya zarce adadinsu nesa ba kusa ba, sannan su koma daidai. Da katunan RTX 30 suka fito a 2020, mutane da yawa masu fawa saflai ta kirki ma sun ga kwamfutarsu na ɗaukewa tsakiyar wasa saboda wannan. Shi ya sa ƙa'idar ATX 3.0 da Intel ta fitar a 2022 ta ce manyan fawa saflai da ke bin ta dole su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin 10,000 na daƙiƙa. Idan na kirki sun sha wuya da wannan fizgar, ka ƙiyasta abin da za ta yi wa na'urar da tun farko ƙarya ce a jikinta. 'Yan damfarar ma sun koyi rubuta ATX 3.0 a kwali, tunda bugawa ba ta da tsada.

Sai tambarin 80 Plus, wanda shi ne ya fi ruɗar mutane. Tun 2004 aka fara wannan shirin, kuma babban abin da yake aunawa shi ne: nawa ne daga cikin wutar da na'urar ta ja daga bango yake isa kwamfuta, nawa ne yake zama zafi. Matakin Gold, a gwajin bolt 115, yana nufin kashi 87 cikin 100 a ƙaramin nauyi, 90 a rabin nauyi, 87 a cikakken nauyi. Ba ya cewa na'urar ba za ta ƙone ba. Amma ko wannan ɗin ma ba su samu ba, hoton tambarin kawai suka kwafa. Kamfanin CLEAResult da ke kula da shirin yana da jerin duk samfurin da ya ci gwaji, a buɗe yake ga kowa, kowanne da takardar sakamakonsa. Ka shiga ka nemi sunan kamfanin da lambar samfurin daidai yadda suke. Idan babu, tambarin na bogi ne. Ka kuma kula da masu wasa da hankali, waɗanda suke zana 85 Plus ko 90 Plus da launi irin na asalin. Babu wani mataki mai wannan sunan.

Akwai wata alama da take a fili amma ba kowa ya san ta ba. Ka dubi bayan na'urar, kusa da inda wayar bango take shiga. Idan ka ga ɗan jan makunni da ake turawa tsakanin 115 da 230, wannan tsohon tsari ne wanda ba shi da sashen gyaran wuta na zamani da ake kira active PFC. A aikace na'urar da ta ci gwajin Gold ba ta zuwa da wannan makunnin. Jan makunni da tambarin Gold a jiki ɗaya, ɗayansu ƙarya yake yi, kuma ba makunnin ba ne.

Da can ana cewa a ɗaga ta a ji nauyinta, mai kyau tana da nauyi saboda manyan taransifoma da ƙarafan sanyaya ta. Har yanzu maras nauyi abin gudu ce, sai dai nauyin ma ya daina zama shaida. Masu buɗe irin waɗannan na'urori don bincike sun sha nuna wadda aka manna wa dunƙulen ƙarfe ko siminti a ciki, aka naɗe shi kamar wani sashe na wuta, alhali ba a haɗe yake da komai ba. Wannan abin yana ci mini rai, domin wanda ya zauna ya zuba siminti a na'urar wuta ya san sarai abin da yake sayarwa, ya kuma san cikin ɗakin mutane za a kai ta a jona.

Ka dubi wayoyin kuma. A jikin robar kowace waya ana buga kaurinta. Wayar da za ta kai wa kati wuta 18 AWG ce ko 16 AWG, kuma a wannan ma'aunin ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Na damfara sukan sa 20 ko 22, ko su ƙara kaurin roba su rage ƙarfen ciki, ko su sa alminiyam ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan maganaɗisu ya kama tsakiyar wayar, ba jan ƙarfe ba ne. Siririyar waya a ƙarƙashin babban nauyi zafi take yi, daga zafi sai narkewa.

Yawan filogin da na'urar ta zo da su ma yana tona mata asiri. Ramin da kati yake zama a babban allo (wato madabod, inda ake jona duk sassan kwamfuta) wat 75 yake bayarwa, filogi mai fil 6 na ba da 75, mai fil 8 na ba da 150, sabon nan mai fil 16 kuma yana kaiwa 600. Na'urar da ta ce wat 850 ce amma filogin kati ɗaya tal gare ta, wanda ya ƙera ta ya san iyakarta. A nan ne mai sayarwar yake nuna kamar alheri zai yi maka: "Kada ka damu, zan haɗa maka da adafta kyauta." Adaftar da ke ɗebo wuta daga filogin SATA, wanda ake jona wa ma'ajiyar bayanai, ta mayar da shi mai fil 8 ke nan. Filogin SATA wajen wat 54 aka yi shi ya ɗauka a layin bolt 12, kai kuma za ka nemi 150 daga gare shi. Kada ka karɓa ko da kyauta ne. Filogi mai fil 16 kuwa, ko na asali sai da kula. A ƙarshen 2022 an sami waɗanda nasu ya narke a jikin RTX 4090, Nvidia ta ce rashin tura shi har ƙarshe ne sanadi, daga baya aka gyara fasalinsa zuwa 12V-2x6. Wurin da kayan asali suka ba da matsala ba wurin gwada adaftar da ba a san maƙerinta ba ne.

Akwai wani reshe na damfarar, wato tsohuwa a sabon kwali. Bayan Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina tsarin haƙa (samar da kuɗin) da katin hoto a Satumban 2022, na'urori da yawa da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun shigo kasuwa. Sayar da tsohon kaya ba laifi ba ne idan an faɗa. Laifin shi ne a hure ƙura, a sa leda, a ce sabuwa fil. Ka duba sitikar garanti da ke kan kusoshi ko an yage ta, ka leƙa fikafikan fanka, ka tura lambar siriyal ga kamfanin su gaya maka shekararta. Idan kuma irin wadda ake iya cire wayoyinta a mayar ce, ka tabbata wayoyin nata ne na asali. Bakin da ke shiga jikin fawa saflai ba iri ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, wani lokaci har tsakanin samfura biyu na kamfani ɗaya. Filogin zai shiga lafiya lau, amma ya kai bolt 12 inda bai kamata ba, ya kashe ma'ajiyar bayananka a kunnawar farko.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan da zafi shi ne yadda kowacce take mutuwa. Ta ƙwarai tana da matakan kariya, za ka gan su a takardunta da sunaye kamar OCP, OPP, OVP, SCP da OTP. Idan nauyi ya yi mata yawa, ko wuta ta haura, ko waya ta haɗe, ko zafi ya wuce kima, kashe kanta take yi, ka rasa wasan da kake yi kawai. Ta damfara an cire waɗannan ne don a rage kuɗi, don haka ci gaba take yi har wani abu ya fashe, kuma tana iya tafiya da katin da babban allon gaba ɗaya. Garanti ma yana nuna wannan bambancin. Sanannun kamfanoni suna ba da shekara 5 zuwa 10 a kan na'urorinsu masu kyau, Seasonic har 12 take bayarwa a wasu. Wanda ya ce maka garantin sati ɗaya ne, iyakar yardar da shi kansa ya yi wa kayansa ke nan.

Idan ka riga ka saya, kada ka jona sabon katin a kanta da sunan gwaji. Ka ɗauki hoton takardar jikinta da na kwalin da na tallan, ka adana hirarku da rasit, ka kai ƙara ga shafin da ka saya tun wa'adi bai wuce ba, ka nuna musu lissafin +12V ɗin da kuma rashin sunanta a jerin 80 Plus. Idan kuma ta riga ta shiga kwamfuta, kana ganin tana ɗaukewa da zarar wasa ya yi nauyi, ko kana jin ƙaurin roba, ko wani ƙara kamar na tartsatsi, ka zare wayar daga bango nan take. Kada ka kwance murfinta don ka ga abin da ke ciki, domin manyan kafasitocinta, sassan da ke tara wuta, suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an cire ta daga soket.