PowerPoint ko Canva: wanne zai fi yi wa malama aiki?

Malama, kin ce kina koyar da 'yan firamare a Tudun Wada, kina son haɗa darasi mai hotuna da muryarki da ɗan bidiyo, amma ba ki iya rubuta manhaja ba, kin rasa na kamawa tsakanin PowerPoint da Canva. Ki kwantar da hankalinki, duk cikinsu babu mai neman wannan ilimin.

In kina da kwamfuta, ni PowerPoint zan ce ki riƙe. Tun 1987 ake aiki da shi, kuma da zarar an saka shi, ba ruwansa da intanet. A garin nan da data ke ƙarewa ana tsaka da aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ki jera shafukanki, ki ɗora hotuna, ki naɗi muryarki shafi bayan shafi. Shi da kansa zai riƙe daƙiƙun da kika yi a kowane shafi, sai ki fitar da darasin gaba ɗaya a bidiyon MP4, ki tura wa iyaye ta WhatsApp, su buɗe ba tare da sun sauke komai ba. Ki zaɓi girman 480p ko 720p don kada ya cinye musu data. Sai dai lasisinsa na kuɗi ne, kuma kyan shafi yana hannunki.

Canva kuwa daga Ostareliya ya fito a 2013, kuma waya kaɗai ta ishe ki. Akwai shafuka tsararru, sauya rubutu da hoto kawai za ki yi, shi ma yana fitar da MP4. Amma yawancin aikinsa sai da intanet, sannan duk hoton da kika ga alamar kambi a kansa na masu biya ne.

Abin da ya fi damuna a duka biyun shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Salon rubutu da yawa, musamman masu ado na Canva, ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai harafin ya fito a wata siffa dabam ko akwati ya maye gurbinsa. Yaron da ke koyon karatu bai kamata ya ga "kasa" inda ake nufin "ƙasa" ba. Kafin ki fara, ki rubuta "ɗan ƙaramin ɓera" ki duba da kyau. Salon rubutun Noto Sans yana da su, haka ma Andika, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta tsara musamman don masu koyon karatu.

In kuma kina son yara su taɓa amsa a nuna musu daidai ne ko kuskure, bidiyo ba zai yi wannan ba. Sai ki nemi H5P, tsarin darasi mai tambaya da amsa, ana haɗa shi a kwamfuta da manhajar Lumi ko babu intanet.